Gadar Toka, Kashi na Tara

Ranar da aka sanar cewa kashi na tara na Gadar Toka ba zai fito a kan Baƙa ba, sai a kan Fara kaɗai, ina zaune a shagon Bernard da ke bayan tashar Jabi, ina jira ya gyara mini igiyar pad, abin riƙewar nan mai maɓallai da ake buga gem da shi. Shi ya karanta mini labarin daga wayarsa, yana murmushi irin na wanda kwalayen Fara suka cika masa kanta. Bernard mutumin Gboko ne. Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, kuma hakan bai taɓa hana shi ciniki ba.

"Oga Nababa, sun juya maka baya fa," in ji shi. "Wannan Baƙa naka ya tsufa. Kawo shi, ka ɗauki Fara, mu daidaita."

"Ba na rabuwa da abin da bai yi mini laifi ba."

"To company da ya rabu da kai, me ka yi masa?"

Tambaya ce mai kyau, ni kuwa ba na son tambaya mai kyau daga bakin ɗan kasuwa.

Manyan na'urorin gem biyu ne suke ja-in-ja a duniya, kowace da kamfaninta da dogon sunanta, amma a shagon Bernard ba mai wahalar da bakinsa: Baƙa da Fara. Gadar Toka kuwa wasa ne irin na labari. Kana ɗaukar yarinya guda ka bi da ita gari-gari, ta yi magana da mutane, ka zaɓar mata amsa, ta yi yaƙi, ta girma. In kashi ya ƙare sai a jira shekaru kafin wani ya fito. Sunansa na Turanci ya fi haka tsawo da fankama; matata, marigayiya Maimunat, ita ta yanke shi ya dawo daidai bakin mutum. Kashi takwas duka a kan Baƙa suka fito, tun daga tsohuwar mai kama da akwatin burodi har wadda ke ƙarƙashin talabijin ɗina yanzu.

Ƙanen Maimunat ne ya kawo mata ta farko da ya dawo daga karatu a waje, tun muna kwatas ɗin ma'aikata a Garki. Ita ke da yatsu. Ni yatsuna na biro ne. In na riƙe pad sai yarinyar cikin allo ta yi ta karo da bango kamar makauniyar akuya. Amma mutanen Gadar Toka ba su da murya, rubutu ne ke fitowa a ƙasan allo, ni kuwa aikina kenan a ofis har na yi ritaya: in karɓi Turancin wasu in mai da shi Hausa. Sai muka raba aiki. Ita ta tuƙa, ni in karanta in fassara nan take, kowa da muryar da na ba shi. Akwai wani tsoho mai gadin gada da ke fitowa a kowane kashi, ba ya mutuwa, ba ya wanka, kullum yana da abin faɗa. Shi na fi iyawa.

'Yarmu ta tashi a kan darduma tsakanin ƙafafunmu tana kallo. Sunanta Hafsah, na rubuta shi a nan ne don takarda ba ta da kunne. Da bakina ban taɓa kiransa ba. 'Yar fari ce, mu kuwa mutanen Dutsin-Ma ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma wasa da shi a gaban mutane, ba ma tambayarsa ko ya ƙoshi. Abokan aikina na Abuja sun sha yi mini dariya a kan haka, mutanen da ke kiran 'ya'yansu da sunayen alewa. Ni "ke" nake ce mata, ita ta ce "Baba", aka zauna lafiya.

Maimunat ta rasu muna tsakiyar kashi na bakwai. Baƙa ta yi wata da watanni a rufe da ƙyalle. Wata Asabar yarinyar ta yaye ƙyallen, ta zauna a gurbin uwarta, ta ɗauki pad. Rubutu ya fito a allo. Ta jira. Sai na karanta.

Da ta yi aure ta koma Kubwa, ba ta fasa ba. Kowace Asabar bayan azahar sai in ji takunta a matakalar gidana da ke Jabi. A nan ne na fara yi wa fassara ƙari. Tsohon gada zai ce a Turance hanyar arewa a rufe take, ni kuma in ce da muryarsa, "Hanyar arewa a rufe take, 'yata. Kin rame. Ana ba ki abinci kuwa a can?" Yarinyar da ta karanta haɗa magunguna a jami'a, Turancinta ba ya neman taimakona. Tana ganin abin da ke allo sarai. Sai ta ce da talabijin, "Ana ba ni, tsoho. Aiki ne ya yi yawa." Ta danna maɓalli mu wuce. Duk abin da na sani game da zaman aurenta, a bakin gadar nan na ji shi.

Wannan Asabar ɗin tamu ce kamfanin ya sayar wa Fara, ko da yake ba na zaton an rubuta ta a cikin yarjejeniyar.

Bernard yana da guruf a waya na masu sayen kayansa, ya jefa ni ciki tun tuni ba tare da ya tambaye ni ba. A da ba na cewa komai. Me zan ce wa mutanen da ke rubuta jimla ba aya ba waƙafi? A wannan makon guruf ɗin ya kama da wuta. Wani Umar Farouk, injiniya, ya ce shi ko a kan tire aka fitar da na tara bai dame shi ba, domin wasan ya mutu tun kashi na biyar, lokacin da aka daina yaƙi bi da bi, kowa ya jira layinsa ya yi tunani, aka koma kai duka ba ƙaƙƙautawa kamar 'yan dambe. Duk abin da ya biyo baya, in ji shi, gawa ce ake yi wa kwalliya. Wata Kindness, ma'aikaciyar banki a Wuse, ta ce ya rufe mata baki, na bakwai ya fi kowanne, ta yi kuka a ƙarshensa har ta makara aiki. Masu Fara suka ce Baƙa ba za ta iya ɗaukar hoton na tara ba, za ta yi tari ta mutu. Masu Baƙa suka ce Fara ba ta taɓa haifar labari nata ba, sai dai ta sayi na maƙwabta. Aka yi ta tura hotunan dariya kamar ana biyan su.

Sai na rubuta nawa, da aya da waƙafi. Na ce labari mai tsawo alkawari ne. Wanda ya bi ka kashi takwas, ya jure na shida da kowa ya san da ƙafa aka rubuta shi, ba ka rufe masa ƙofa a na tara don wani ya fi shi kaurin aljihu. Na ce na karanta tarihin dauloli da dama, kuma ba mamaya ce take fara kayar da su ba, manta waɗanda suka ɗaukar musu kaya tun farko ne.

Kindness ta amsa: "Daddy, company ba kawunka ba ne. Business ne kawai. Ka sayi Fara mu huta."

Bernard ya ce: "Akwai a shago."

A ƙarƙashinsu sai ga wani saƙo: "Haka ne, Baba."

Nazeer ne, mijin yarinyar. Yaro ne mai ladabi, wannan shi ne babban aibinsa, don ba ya bar maka inda za ka kama. Lauya ne a wata hukuma, an ce a wurin aiki bakinsa ba ya rufuwa, amma tun ranar ɗaurin aure ban ga tsakar idonsa ba. Yana cire takalmi tun daga ƙasan matakala. Yana durƙusawa ya gaishe ni, ya ci gaba da durƙuso har in gaji in shige ɗaki. Ba ya cin abinci inda nake, ba ya hawa kujera inda nake. Haka ake yi. Ni ma haka na yi wa mahaifin Maimunat, kuma da Nazeer bai yi ba da na fi kowa surutu. Ban san yana cikin guruf ɗin ba. Ban ma san ya san akwai wani abu wai shi Gadar Toka ba.

Ranar da wasan ya fito Bernard ya tura hoto: Nazeer a bakin shago, rungume da kwalin Fara kamar an miƙa masa jariri ranar suna, haƙora duk a waje. Ashe yana da haƙora. A ƙasa Bernard ya rubuta, "Oga Nazeer ya yi wa madam surprise."

Asabar ɗin da ta biyo baya yarinyar ta zo, muka ci gaba da maimaita kashi na takwas da muka gama tun bara, tana ɓoye hamma a gyale. Wadda ta bi ta, ta bugo waya ta ce sun yi baƙi. Daga nan sai na yi abin da ban saba ba, ni na buga mata, na ce ina tambaya ne ko akwai wuta a wajensu, don mu an ɗauke.

"Akwai, Baba."

A bayanta na ji gogen nan mai jan rai da ake sa wa duk lokacin da tsohon gada zai yi magana. Sannan na ji tsohon da kansa. Yana magana. Da Turanci, da wata murya mai maiƙo ta ɗan wasan da bai taɓa kwana da yunwa ba. Sai dariyar namiji.

"Mene ne wannan?"

"Mun ɗan taɓa ne, Baba. Mu ga yadda yake."

"Yaya yake?"

"Yana da kyau."

"Madalla. A gai da mai gidan."

Washegari Bernard ya tabbatar mini, kamar mai albishir. "Oga, ba ka sani ba? Na tara kowa yana magana da bakinsa. Ba karatu, ba wahala. Ka zauna kawai ka ji."

Kowa cewa yake in sayi Fara, kamar na'ura ce na rasa. In na saya, me zai sa mace ta keto Abuja daga Kubwa don abin da ke falonta, ga miji a gefe, ga tsoho mai magana da kansa? In je can kuwa, ba a yi. Sau ɗaya na taɓa shiga gidan, da ta yi zazzaɓi. Nazeer ya tsugunna a bakin ƙofa tun da na zauna har na tashi, ni na kasa shan ruwan da aka kawo, ita ta kasa kwanciya. Mutum uku a ɗaki, kowa yana azabtar da biyu.

Sai na koma guruf, inda aƙalla ake karanta ni. Na rubuta cewa sa wa tsohon gada murya kisan kai ne: kowane gida da muryar da ya ba shi, yanzu an kashe su duka an naɗa guda. Na ce akwai masu shigowa labari a kashi na tara da kwali a hannu, ba su san wa aka binne a na uku ba, ba su san dalilin da ya sa ake rage murya in an zo gadar ba, su zauna a kujerar da ba su san wa ya ɗumama ta ba. Na ce mai saye daban, mai gado daban.

Umar Farouk ya tura hoton tafi, ya ƙara da cewa duk da haka na biyar ne ya ɓata komai. Kindness ta rubuta: "Daddy, wannan da company kake ko da mutum?"

Can sai ga Nazeer: "Haka ne, Baba."

Na taɓa karanta cewa mutanen zamanin da suna azabtar da fursuna da ɗigon ruwa a goshi. Da sun san "haka ne, Baba", da ba su ɓata ruwa ba.

Ranar Asabar na ji taku biyu a matakala, ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Yarinyar ta shigo da sallama. A bayanta Nazeer, kwalin Fara a ka kamar mai tallan burodi. Ya sauke, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni? An wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Babu, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

"Mene ne wannan?"

Ita ta amsa, tana kallon labule. "Ya ce a nan ya kamata a yi shi."

Haɗa na'ura da talabijin aiki ne da ake yi a juya wa ɗaki baya. Nazeer ba zai juya mini baya ba, ba zai kuma fuskance ni ba, saboda haka ya yi shi a karkace, a durƙushe, hannu ɗaya a bayan talabijin yana lalube kamar ƙaguwa. Ya matsar da Baƙa gefe don ya sami wuri, ya ce "a yi haƙuri", ban sani ba da ni yake ko da ita. Da hoto ya fito sai ya ja da baya har ƙofa.

"Zan jira a mota, Baba."

Ban hana shi ba.

Yarinyar ta shiga wani wuri a allo ta kashe muryoyin, ta fara wasan daga farko. Na gyara tabarau.

Wasan yana da kyau, Allah ya isa. Ruwan kogin kamar ka tsoma hannu. Tsohon ya ƙara tsufa, an yi masa furfura ɗaya bayan ɗaya har cikin kunne. Da na karanta shi, muryata ta koma gurbinta kamar ƙafa a tsohon takalmi.

Amma ta san hanya. A mararraba ba ta tsaya mu yi gardamar dama ko hagu ba, yadda muka saba yi ta bakin mutanen allo. Ta nufi bayan wata rijiya kai tsaye ta ɗauko makullin da ba mai sanin yana nan sai wanda ya taɓa zuwa. Ta yi murmushi kafin in kai ƙarshen abin dariya. Abincin da aka ci aka rage ake ɗumama mini, an dai zuba shi a kwano mai kyau.

Kashi na tara ya zo da sabon mutum, wani saurayi ɓarawo mai kwale-kwale, bakinsa ba linzami, aikinsa tsokanar tsohon gada. Dole na karanta su duka biyun, ina zagin kaina ina ramawa.

"Shi ma yana kwaikwayon wannan," ta ce, ba ta san ta faɗa ba. "Har ya fi na cikin..." Ta haɗiye sauran.

Shi. A bakinta mutum guda ne ba ya buƙatar suna.

Watan Maris ne, rana tana dukan kwalta har tana wari. Yarinyar tana yaƙi tana duban taga. Wasu 'yan fashi da uwarta za ta gama da su tana yankan albasa suka kashe ta, ta sake, suka sake kashe ta. Ba a kira la'asar ba ta ajiye pad.

"Baba, bari mu tafi. Rana ta yi yawa a mota."

"Motar ba ta da sanyi ne?"

"Ba ya kunnawa in yana jira. Wai kada ƙarar ta dame ka."

Ni da nake can sama, inda ko ihun 'yan kamasho na tasha da ƙyar yake isowa.

Na leƙa ta baranda. Yana zaune a mota ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, yana fifita da wata tsohuwar jarida, rigarsa ta manne masa a baya. Ba tausayinsa na ji ba. Na ga yadda abin zai tafi ne. Yau ta tashi kafin la'asar. Wani makon za ta tashi tun ba mu isa kogi ba. Bayan nan zai yi mura, ko su sake yin baƙi, kuma ba wanda za a ce ya yi laifi. Mutumin ya kawo mini na'ura har gida, ya zauna a rana, ya ci ni da yaƙi ba tare da ya ɗaga ido ba.

"Zauna," na ce mata. Na sa takalmi na sauka.

Da ya hango ni sai ya yi wuf ya fito, ya zare takalmi, ya durƙusa a kan kwaltar da za ta soya ƙwai.

"Tashi."

"To, Baba." Bai tashi ba.

"Akwai wani ɓarawo a sama, ba shi da mai karanta masa. Maƙogwarona ba zai ɗauki mutum biyu ba. Na duba duk wanda na sani, kai ka fi dacewa."

"Haka ne, Baba," ya ce, sannan ya ji abin da ya amsa. Kunnuwansa suka motsa.

A sama ya ƙi kujera, ya ƙi darduma. Ya zauna a tayil a bakin ƙofa, inda sai ya miƙa wuya yake ganin allo. Yarinyar ta zama gunki, pad a hannu, ba ta kallon kowa.

"Danna," na ce.

Ɓarawon ya tsaya a gaban tsohon gada, rubutu ya fito. Na riga su karantawa a zuci: matsa, tsohon bunsuru, gadarka ta ruɓe kamar haƙoranka. Nazeer ma ya karanta.

"Muna jira."

"Ya ce... ya ce Allah ya ƙara wa Baba girma, wai ko zai ɗan gyara a wuce."

Wani sauti ya fito ta hancin yarinyar.

"Haka aka rubuta?"

"Kusan haka, Baba."

"Kai lauya ne. In aka miƙa maka takarda a kotu, kusan haka kake karantawa? Fassara amana ce. Ba a ragi, ba a ƙari. Karanta abin da ke nan."

Ya share goshi. Ya dubi tayil kamar amsar tana ciki. "Matsa... tsohon..." Ya tsaya. "Tsohon dattijo."

"Bunsuru," in ji yarinyar, ta toshe baki da gyale, amma ta makara. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke naɗe mutum, pad ya zame daga cinyarta, hawaye yana bin kumatu. Nazeer ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Shekara da shekaru ina yi mata muryoyi. Na yi sarakuna, na yi mayu, na yi wani kare mai magana a kashi na huɗu har muryata ta dishe. Ban taɓa samun wannan dariyar ba. Shi ya same ta da kasa karanta layi guda.

Marubutan sun ba tsohon abin ramawa, na kuwa karanta shi da duk numfashina: "Wanda ya sato kwale-kwale ba ya yi wa mai gada gorin katako." Nazeer ya jinjina kai kamar an yanke masa hukunci mai sauƙi. Muka yi la'asar, na ja, ya bi. Bayan sallah ya fara sakin jiki. Zagi na gaba ya karanta shi cikin raɗa, na bayansa ya ɗan ɗaga murya, har ya sa wa ɓarawon wata Hausar 'yan tasha da ban san ya iya ba. Ya iya kwaikwayo, wannan ma na ƙara a cikin aibobinsa. Yarinyar ta daina duban taga.

Gab da magariba muka iso inda yarinyar allo za ta ƙetare gada ta bar garin. Goge ya tashi. Tsohon ya dube ta, rubutu ya fito, gajere: hanya da nisa, ki kula.

A irin wannan wurin nake ƙari, kuma yau ina da abin tambaya. Tun shigowarta na lura da yadda take dafa hannun kujera in za ta tashi, da yadda ta ture shayin da ba ta taɓa turewa ba. Na taɓa ganin wata mace tana tashi haka a wani falo a Garki, 'yan watanni kafin mu yi suna. Tsohon gada zai iya cewa, "Akwai labarin da ya kamata tsoho ya sani?" ita kuma ta amsa wa talabijin. Amma ga lauya a bakin ƙofa, wuya a miƙe, yana bin kowane harafi, kuma da bakina na ce ba a ragi ba a ƙari. Ko da ban faɗa ba ma, wannan ba tambayar da ake yi a gaban suruki ba ce, ko da bakin aro.

"Hanya da nisa," na karanta. "Ki kula."

Yatsanta yana kan maɓalli. Ba ta danna ba. Ta jira har gogen ya kai ƙarshe ya sake farawa. Sannan ta danna.

Da za su tafi Nazeer ya rarrafa wajen talabijin zai cire wayoyi.

"Bar ta nan," na ce. "Yawan cirewa da sawa yana lalata bakin waya. Tambayi Bernard."

Hannunsa ya tsaya a iska. Yarinyar ta dube ni ido cikin ido. Ta san babu abin da ke lalata bakin waya. Ta kuma san in Fara ta zauna a Jabi, ba mai ƙetare wata gada a Kubwa ba da ni ba. Ta gyara gyale.

"Ranar Asabar ni ma in hau, Baba?" Nazeer ya tambayi tayil.

"Ɓarawon zai karanta kansa ne?"

Na tsaya a baranda ina kallonsu. Ya fito riƙe da takalmansa a hannu har wajen mota. Ta ce masa wani abu, ta sa yatsu biyu a ka kamar ƙaho, ya rufe fuska da takalman, ta dafa mota tana dariya. Sannan ya buɗe mata ƙofa, ya riƙe gwiwar hannunta har ta zauna a hankali, kamar mai sauke tukunyar ƙasa ta Ushafa. Wato shi ya sani.

Daga Jabi zuwa Kubwa da yamma tafiya ce mai tsawo, ga cunkoso. Duk abin da za ta faɗa a hanya, shi za ta faɗa wa, ba wani tsoho a tsakani.